Ɓarawon Maganin Auta

Shafi na 17

Masu turo min saƙon "Malam ko barci ka yi", ban yi ba. Tabaraun karatuna ne ya ɓata, na kwana biyu ina zargin mutanen gida, daga baya na same shi a inda na ajiye shi. Ga malamin tuƙinku nan inda muka bar shi, a bencin asibitin fata, shi da Autarsa, zunubinsa kuma yana cikin jakarta.

*

Dogon benci ne na ƙarfe, irin wanda aka ƙera don kada mai jira ya saki jiki. Malamin tuƙi ya ƙirga waɗanda ke kansa. Bakwai 'yan makaranta ne, kowa da rabonsa a fuska, wani a goshi, wani a kumatu. Ta takwas uwar ɗaya daga cikinsu ce. Na tara shi ne, shekara arba'in da takwas, furfura a saje, takunkumi har ƙarƙashin ido.

"Abba, ka cire abin nan ka sha iska mana. Gumi fa kake yi."

"Mura ce."

"Sati uku ke nan kana mura."

"Irin ta manya ce. Ba ta saurin tafiya."

 Auta ta kai hannu aljihu za ta ɗauko waya, sai ta tuna, ta mayar da hannun kan jakarta.

Kwana huɗu ke nan da Umma ta ƙwace wayar. Ranar ta shiga banɗaki ta ɗauki robar maganin shafawa da likita ta rubuta wa Auta saboda ƙurajen fuska, roba irin ta man goge baki, wadda aka ce za ta kai wata uku. Ta gan ta a cike fam, alhali sati shida ake amfani da ita. Ta matsa. Robar ta ce fuus, ta lotse a hannunta. Iska ce zalla a ciki.

Umma malamar firamare ce, shekara ashirin tana sauraron ƙaryar yara kala-kala, don haka ba ta ɓata lokaci ba ta yanke hukunci. Auta ta rabar wa ƙawaye da maganin a makaranta, ta hura iska don rufe ɓarna. Ta kira ta maƙaryaciya, kuma a gaban ƙawarta da ta zo karɓar littafi.

Shi kuwa yana falo, ya karanta layi ɗaya na jarida har sau huɗu. Domin ya san bakin da ya hura iskar. Da shi yake cin abinci.

Sati shida da suka wuce, da Auta ta zauna tana kuka ta ce ba za ta je makaranta da wannan fuskar ba, shi ne ya gyara zama ya ce, "Ƙuraje ma ciwo ne? A zamaninmu sabulu ne da ruwa. Da kin girma za su tafi da kansu." Umma ce ta kai ta asibiti. Bayan sati biyu, kamar an aiko su su ba shi amsa, suka fito masa. Manya, masu zurfi, masu zogi, suka jeru a muƙamuƙinsa daidai gefen da ɗalibi ke kallo in ya juyo zai yi tambaya. Mutumin da sana'arsa ita ce "duba madubi, duba madubi", ya koma in ya duba sai ya ga haɓarsa kafin ya ga motar baya. Wata ɗalibarsa mai jika biyu ta ce, "Malam, balaga ce ta sake zagayowa?" Ta yi dariya har ta hau bakin kwalbati.

Tsakanin darasin ƙarfe goma da na sha biyu gidan ba kowa. Sai ya fara biyowa shan ruwa. Ranar farko ya ce sau ɗaya ne, kuma ɗan kaɗan.

Da safen nan Umma ta tsaya a bakin ƙofa da jakar littattafanta ta ce, "Na sa an matso mata da ranar ganin likita. Ni ina da aji. Ka kai ta, ka tsaya a kai har ta faɗi wadda take ba. Kai ka fi ni iya tsare gida."

An ba kura ajiyar nama, kura kuma ta ce to.

Nas ta leƙo ta yafito su.

*

Likitar ba za ta girmi babban ɗansa ba. A bangon bayanta an manna hoton fatar mutum da aka yanka gefe kamar burodi, ga ƙofofin gashi, ga jakunkunan maiƙo.

"Sannu da zuwa, Baba."

Baba. Ya karɓa ya haɗiye.

"'Yan mata, ina robata?"

Dokar likitar nan ce, duk wanda ta rubuta wa magani sai ya dawo mata da robar, ko da ta ƙare. Tun zuwan farko ta gaya wa Umma cewa ta fi yarda da roba a kan mai roba.

Auta ta ciro ta ajiye a kan tebur. Robar ta kwanta a lanƙwashe kamar mota ta bi ta kanta.

Likita ta juya ta, ta ɗaga ta a haske, ta ajiye. Ta jawo fitila mai gilashi ta duba fuskar Auta, goshi, kumatu, haɓa. Ta buɗe hotunan baya a kwamfuta tana kallo.

"A sati na biyu da mamanki ta turo min hoto, sun fara kwanciya. Yanzu sun fi ranar farko. Sau nawa kike shafawa?"

"Sau biyu. Safe da yamma."

"Kullum?"

"Kullum."

"Yaya yawansa?"

"Siriri. Yadda kika nuna min."

"Hmm." Likita ta taɓa robar da biro. "Wanda ya cinye na wata uku cikin sati shida, fatarsa ja za ta yi, ta bushe, ta riƙa saɓa. Taki kuwa maiƙo ne kamar ba ta taɓa haɗuwa da magani ba. Kin ba wani?"

"A'a."

"Ba faɗa zan yi miki ba. Ƙawaye sukan roƙa, na sani."

"Ban ba kowa ba."

Gaskiya ta faɗa, malamin tuƙi ya ce a ransa. Ba ta ba kowa ba. Ɗauka aka yi.

Ya gyara murya. "Likita, ba ya yiwuwa tun daga kamfani robar ta zo ba a cike ba? Kin san kayan yanzu."

"Yana yiwuwa, Baba. Sai dai kamfani ba ya hura iska da baki." Ta juyo masa da bakin robar. "Ga shatin haƙori nan."

Ya duba. Shatin ya fito raɗau, har da 'yar wushiryar da mahaifiyarsa ta ce da ita zai yi farin jini. Ya rufe bakinsa a ƙarƙashin takunkumi, kamar akwai mai gani.

Likita ta kalli Auta.

"Ni na hura," in ji Auta, idonta a kan tebur.

 Malamin tuƙi ya ɗauka gajiya ta yi. Kwana huɗu ana ce wa yarinya maƙaryaciya, ta karɓi laifin don a wuce wurin.

Likita ta jawo takarda.

"To, zan ɗauki maganarki. Maganin nan aikinsa a fata yake. Sinadarin jiki da muke kira homon shi ke sa fata ta riƙa zubo maiƙo har ƙofofinta su toshe, shi kuma maganin ya tare shi a nan, kada ya yi ɓarna. Ba ya aikin gaggawa, yakan so wata biyu ko uku. Da zan so in ƙara masa lokaci. Amma in har sau biyu kike shafawa kullum kuma suka dawo haka, ga tabo sun fara zama a nan da nan, ba zan zauna ina kallo ba. Za mu koma ƙwayoyi."

"Ƙwayoyi?" in ji shi.

"Masu ƙarfi ne, shi ya sa ba na fara su sai dole. Leɓe zai bushe ya tsattsage, ido ma yakan bushe. Za a riƙa ɗibar jininta lokaci-lokaci muna duba hanta. Yau za a fara ɗiba."

Ta danna ƙararrawa.

Auta da allura ba su taɓa shiri ba. Tana aji biyu ta suma a layin rigakafi tun kafin a zo kanta, shi ya ɗauko ta a kafaɗa har mota. Ya juya ya kalle ta yana jiran ta yi gardama, ko ta yi kuka, ko ta ce wallahi ba ita ba ce, don ya samu inda zai laɓe.

"To," kawai ta ce.

Nas ta shigo da faranti, auduga, 'yar kwalba, allura a leda. Auta ta naɗe hannun riga, ta miƙa hannun, ta juya fuskarta bango.  Nas ta ɗaura mata roba a damtse ta ce ta dunƙule hannu.

Ya ce wa kansa jini kaɗan ne. Ya ce wa kansa in sun fita zai san dabarar da zai yi a fasa ƙwayoyin. Ya ce wa kansa mutum mai 'ya'ya uku da furfura ba ya tashi a gaban yara mata uku ya ce shi ne ke satar man ƙuraje.

Nas ta yage ledar allurar.

"A dakata."

"Na'am, Baba?" in ji likita.

"Na ce a ɗan dakata."

"Ban ji ka sosai ba. Ko za ka sauke takunkumin?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kai hannu bayan kunne ya zare igiyar.

 Daga saje zuwa haɓa fatarsa ta yi ja, ta bushe, tana saɓa kamar fentin tsohuwar mota, ga ƙurajen a tsakiya sun ƙi ko gezau.

Nas ta yi wani tari da ba na gaskiya ba.

"Ni ne," ya ce. "Haƙorin ma nawa ne."

Likita ta dube shi, ta dubi robar, ta sake duban sa. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Sista, kwance mata."

Nas ta kwance robar damtsen, ta tattara farantinta ta fita da sauri, kafaɗunta na motsi.

"Tun yaushe, Baba?"

"Sati huɗu. Ko da ɗan ɗoriya."

"Sau nawa a rana?"

"Sau ɗaya. Da hantsi."

"Yaya yawansa?"

Ya nuna da yatsa, sannan ya tuna ya riga ya tona kansa, ya ƙara tsawon.

"Kamar yadda ake sa wa ƙafar mota giris."

"Ka bari ya shige fata?"

"Na ɗauka in ya yi kauri zai fi saurin aiki."

"Shi ya sa ka ƙone." Ta ɗauki takardar gwajin jinin ta ninka biyu ta jefa kwando. Sannan ta juya. "'Yan mata, yanzu gaya min. Sau nawa?"

Auta tana sauke hannun rigarta a hankali.

"Da farko sau biyu. Sai na koma sau ɗaya. Daga baya in na shafa yau, gobe in tsallake."

"Don me?"

"Na ga yana ƙarewa."

"Kin san saura ƙiris in ɗora ki a kan maganin da ba ki buƙata?"

"Ki yi haƙuri."

"Ba ke kaɗai za ki ba da shi ba." Likita ta ɗauki biro. "Zan sake rubuta miki sabo. Safe da yamma, siriri, a fuska mai tsabta, ba tsallake. Mu ba shi wata ukunsa cur, ina sa ran tabon nan ba za su zauna ba. Kuma ki samu inda za ki riƙa ajiyewa."

Ta faɗi na ƙarshen ba tare da ta kalle shi ba. Bai san ana iya marin mutum ba tare da an kalle shi ba sai yau.

"Kai kuma, Baba, sai an buɗe maka kati."

"Ni?"

"Ba a rubuta wa mutum magani ta fuskar 'yarsa. Sai na duba ka, na tambaye ka abin da kake ci da abin da kake sha, har da irin magungunan da maza ba sa son a tambaye su. Wannan ba a gabanta ba."

Ya kalli hoton burodin da ke bango.

"Likita, a shekaruna... wannan ai abin yara ne."

"Homon ba ya duba takardar haihuwa. Ina da masu hamsin, ina da masu jikoki. Bambancinsu da kai, su ta ƙofa suka shigo. Ka bar shafa komai sai man da ba shi da ƙamshi har fatar ta huce. Ranar Laraba ƙarfe tara, ka zo ka bi layi."

"A bencin nan na waje?"

"Shi kaɗai muke da shi."

*

Suka bi layin karɓar magani. Suka fito wurin ajiye motoci. Ya buɗe motar koyarwa mai jan harafin L gaba da baya, Auta ta zauna a kujerarsa ta kullum, mai birki na biyu a ƙasa, shi ya zauna a ta ɗalibi. Ta rungume ledar sabon maganin a cinya.

Takunkumin yana aljihunsa. Ya rasa da wace fuska zai mayar da shi.

Suka fita titi. Ya wuce shataletale, ya wuce gidan mai, yana ta shirya magana a ransa tana rushewa. A danja suka tsaya.

"Auta."

"Na'am, Abba."

"Abin da ya faru... wato shi ɗan Adam ajizi ne."

"Haka ne."

"Kuma da na san kina rage naki, da ban... Ni na ɗauka yana da yawa."

"Na sani."

"Da kin gaya wa Ummanki tun farko cewa yana raguwa, ai da an bincika."

"Da an bincika da an kama ka."

Ya juyo.

"Tun sati na biyu na san kai ne, Abba."

Danja ta ba da hannu. Ya saki kuloci gaba ɗaya, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Shekara ashirin da biyu yana yi wa mutane faɗa a kan wannan. Na baya suka dasa hon, wani mai babur ya zagayo ya leƙo ya ce, "Baba, a hankali, kowa da haka ya koya."

Ya tayar da ita da kyar ya gangara gefen titi.

"Ta yaya?"

"Ni daga ƙasa nake matsowa ina naɗewa. Rannan na dawo na tarar an matse ta daga tsakiya." Ta ɗan kalle shi. "Mutum ɗaya ne a gidanmu yake matse man goge baki daga tsakiya. Tun ina ƙarama Umma ke faɗa a kai."

"Kuma kika yi shiru."

"Da ka fara hura iskar ne ma na so in yi magana. Wata rana na matsa ya feso min a ido."

Bai san ko dariya ake so ya yi ba. Bai yi ba.

"To me ya sa kika rage naki?"

"Don ya kai mu."

"Ya kai mu ina?"

"Ya ishe mu mu biyu. Na ga ba za ka je asibiti ba." Tana murza bakin ledar da yatsa. "Na ga ka daina zama da mu a falo in an kunna babbar fitila. Na ga ka karkatar da madubin motar nan. Na san abin, Abba. Ka shiga wuri kana magana, kowa yana kallon haɓarka yana nuna kamar ba ya kallo. Ni shekara biyu ina ciki."

Ya ɗaga ido. Madubin tsakiya yana kallon rufin mota. Da ɗalibi ne ya bar shi haka da ya sauke shi ya zagaya motar sau uku.

"Shekara biyu," ya ce.

"Ka ce da na girma za su tafi."

"Na ce."

"To sai na ga kai ka girma."

Ya dafa sitiyari da hannu biyu. Yarinyar da ya ce wa ƙuraje ba ciwo ba ne ta raba maganinta biyu ta ba shi rabi ba tare da ya roƙa ba, ta karɓi sunan maƙaryaciya a madadinsa, ta miƙa hannu a ɗebi jininta. Shi kuma gudummawarsa a lamarin ita ce iska.

"Da nas ɗin ta soka fa? Da ban yi magana ba?"

"Na san za ka yi."

"Ni ban sani ba."

"Ka dai daɗe," ta ce. "Har ta yage ledar."

Wata babbar mota ta wuce ta girgiza su. Ya nemi kalmar da ta fi haƙuri girma bai samu ba.

"Ki yafe min, Auta."

"Na maganin ba komai." Muryarta ta canja, ta yi ƙasa. "Amma ranar da Umma ta ce min maƙaryaciya, ƙawata tana tsaye. Washegari duk ajinmu sun ji. Kuma kana falo. Na leƙo na gan ka."

"Ina falo."

"Shi ne bai wuce min ba."

Bai ce ajizi ba a wannan karon. Ya miƙa hannu ya gyara madubin, ya ga haɓarsa, ya ga titin baya, ya ba da sigina ya hau hanya.

Sun kusa kwanar gida ta sake magana.

"In kana so, sai mu ce robar ce ta fashe. Likita ba za ta kira ta ba. Wayar ma in an kwana biyu za ta ba ni."

Ya ji daɗin shawarar. Abin da ya fi ba shi kunya ke nan a duk ranar, cewa tsakanin kwanar da ƙofar gida, tafiyar minti ɗaya, ya ɗauki shawarar ya juya ta ya duba ƙasanta kamar mai sayen taya.

*

Umma ta riga su dawowa. Tana tsaye a bakin ƙofa, ko takalmin aiki ba ta cire ba, allin allo a gefen hannunta, wayar Auta a ɗaya hannun.

"To? Me likita ta ce? Ta faɗi wadda take ba?"

Auta ta kalli ƙasa.

"Umma, robar ce ta..."

"Ba ta ba kowa ba," in ji shi.

"Kai ma ta zagaye ka ke nan. Na san za a rina. Shi ya sa na so in je da kaina, don kai da Auta..."

Ta tsaya. Sai yanzu ta lura babu takunkumi. Sati uku yana kwana da fuska a bango, yana cin abinci a mota, yana cewa kada ta matso ta ɗauki mura. Ta sauko mataki ɗaya. Ta kama haɓarsa da yatsa biyu, yadda take kama ta ɗan aji ɗaya da ya ce bai sha alawa ba, ta juya ta dama, ta juya ta hagu.

"Wannan ce murar?"

"Ita ce."

"Iskar fa?"

"Tawa ce."

Ba ta saki haɓar ba. Ta miƙa wayar gefe ba tare da ta waiwaya ba.

"Karɓi, Auta. Kira ƙawar nan taki, ki ce ta zo yanzu. A gabanta na faɗa, a gabanta zan janye."

Auta ta karɓa da hannu biyu.

"Shi ke nan, ai magana ta ƙare," in ji malamin tuƙi, yana ƙoƙarin zame haɓarsa. "Bari in je, ina da ɗalibi ƙarfe biyu."

"Ka kira shi ka ce kana mura." Ta matsa gefe ta buɗe masa ƙofa sosai. "Ni zan janye kalmar. Amma yarinyar za ta tambaya, to wane ne. Shiga falo ka zauna inda ka zauna rannan, ka kunna babbar fitila."

Daga cikin gida ya ji muryar Auta a waya.

"Ki zo yanzu. A'a, ba ke kaɗai ba. Su waye a wurinki?"